Keken Jariri a Gindin Tuffa

Daga tagar falo na fara hango ta, tsaye a tsallaken titi, tana ɗaukar gidana hoto. Baturiya ce tsohuwa, doguwa, da jar hular ulu da jaka a rataye. Da ɗauka ɗaya ta yi ta wuce, da ban damu ba. Sai ta zaro wata takarda daga jakar, ta ɗaga ta sama, ta dubi takardar, ta dubi gidan, ta matsa hagu, ta sake ɗauka. A Erdington ba a tsayawa a ƙare wa gidan mutum kallo haka kawai. Gidajen layinmu duk kamarsu ɗaya, jan bulo, ƙofa kusa da ƙofa. In kika ga an ware naki ana aunawa da ido, to ko daga hukuma ne, ko dillalin gidaje. Ni kuwa a lokacin babu kalmar da na tsana irin dillali.

Maigidana Falalu injiniya ne. Tun kaka ya samu aiki a Manchester, yana kwana a Moss Side wurin abokinsa Bara'u, sai ƙarshen mako ya sauko Birmingham. Kowace saukowa da zance ɗaya yake zuwa: a sayar da gida mu koma can gaba ɗaya. Ni kuma na zama gwanar dalili. Yau makarantar Ihsan, 'yarmu mai shekara shida. Gobe likitanmu da ya san mu. Jibi mai nama na bakin kasuwa da ya iya yanka mini kaza yadda nake so. Har ruwan saman Manchester na kawo, kamar a Birmingham rana ake kwana ana yi. Yakan saurara har in gama, ya ce Allah ya kai mu wani satin.

Dalilin gaskiya yana bayan gida, a gindin wata tsohuwar bishiyar tuffa da muka tarar a wurin. Kafin Ihsan na yi haihuwar fari, mace. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kano don wankan jego, ita ce kuma ta tsaya kai da fata a asibiti sai da aka ba ta mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri, a cikin roba. Ta wanke ta, ta naɗe a farin ƙyalle, ta haƙa rami a gindin tuffar ta binne kamar yadda ake yi a gida, ta jera bulo uku a kai saboda dilolin garin nan masu tonon shara. Maza ba sa shiga wannan sha'ani, don haka ba wanda ya gaya wa Falalu. Yarinyar ba ta kai arba'in ba. Zuciyarta ce ta zo da rauni. Kabarinta yana maƙabartar Musulmi, matan gidanmu kuwa ba sa zuwa maƙabarta, ban taɓa ganinsa ba. Bulo ukun nan su ne abin da nake da shi.

Ga shi 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya rasu ba ta kukan da za a gani. Sannan aka sa mata sunan surukata, mahaifiyar Falalu, wanda shi ma bakina bai isa ya faɗa ba. Sunan miji kam Ingila ta daɗe da kwance mini baki a kansa, tunda kowane ofis kika shiga sai an tambaye ki. Wannan ɗin ne ya ƙi kwantuwa. 'Yan gaisuwa suka yi ta yabon haƙurina, Inna ta ce na fitar da ita kunya. Da aka haifi Ihsan, kowa ya koma kiranmu Abban Ihsan da Maman Ihsan, zance ya mutu. To ta yaya zan dubi namiji in ce masa ba zan bar gida ba saboda bulo uku?

Tsohuwar ta tsallako ta ƙwanƙwasa. Na buɗe da sarƙa a jikin ƙofa. Ta ce sunanta Inga Lund, wai a gidan nan aka haife ta. Iyayenta mutanen Denmark ne, sun zo bayan yaƙi, mahaifinta mai gashin burodi. Yanzu tana bin gidajen da mutanen ƙasarsu suka zauna a Ingila tana ɗauka, tana haɗawa da tsofaffin hotunansu, don jikoki su san inda aka fara. Ta miƙo mini takardar nan ta ƙarƙashin sarƙa. Hoto ne baƙi da fari. Ƙofata ce, lambar gidana ce, ga wani mutum da hula a hannu, ga mace da rigar girki suna murmushi kamar su suka gina garin. A raina na ce hoto ai yanzu ko yaro yana iya haɗawa. Na tambaye ta daga ina take. Ta ce daga Manchester.

Nan na sha jinin jikina.

Amma sanyi ake yi mai shiga ƙashi, kuma Inna ba ta raine ni in bar tsoho a bakin ƙofa ba. Na cire sarƙa, na ɗora ruwan shayi. Ta ce in riƙa kiranta Inga kawai. Sa'ar Inna in kira sunanta gatsal? Na laƙa mata Mama a gaba, ta yi dariya ta karɓa. Kafin shayi ya huce ta zagaye mini gida. Ta nuna inda murhu yake a da. Ta tsallake matakalar benen nan mai kuka tun kafin ta taka, abin da Falalu har yau bai koya ba. Ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ta kasa kunne. Ta tambaya ko ɗakin baya yana yoyo har yanzu in an yi ruwa da iska. Na ce a raina, ji tambayar mai saye. Wace mai kewar gidan ubanta ce za ta fara da rufi?

Daga nan ta nemi ta ga bayan gida. Na ce makullin ya ɓata, alhali yana aljihun rigata ina jin sanyinsa. Ba ta ja ba. Ta tsaya a tagar kicin ta zuba wa tuffar ido har na fara tunanin ko ta manta da ni. Can ta ce mahaifinta ne ya dasa ta, da reshen da ya taho da shi daga tsibirinsu a cikin jiƙaƙƙiyar safa. Sannan ta ce, "Mijinki ya gaya mini tana nan da ranta."

Ni ban ambaci miji ba tunda ta shigo. Ta bar mini adireshinta a kan tebur, wai in na je Manchester in biya in ga sauran hotunan, ta tafi.

Da na idar da magariba na kira Falalu a waya.

"Abban Ihsan, wace ce Inga?"

"Au, ta zo ne? Na manta ban gaya miki ba. Ba dillaliya ba ce, Kubura. Tsohuwa ce kawai da hotunanta."

"Tsohuwa kawai ce take tambayar ko rufi na yoyo?"

Ya yi dariya, ya ce ta taɓa zuwa wata Lahadi muna Islamiyya ni da Ihsan, suka gaisa a ƙofa, shi ke nan. Na san dariyoyin Falalu kamar yadda na san tukwanena, wannan ta rufa-rufa ce. Mutumin da ya san ranar kwashe sharar kowane layi a unguwarmu, shi ne zai manta baƙuwa ta zo neman gidansa? Kafin mu yi sallama ya ƙara da cewa wannan Asabar ba zai samu saukowa ba, aiki ya riƙe shi. Na ce Allah ya taimaka, na ajiye waya, na zauna ina haɗa lissafin abin da ke tafe. Sun haɗa baki. Za a turo mini tsohuwa mai taushin murya, in ji tausayinta, in ce ai gidan ubanta ne, in sa hannu da kaina. Sannan wani ya zo ya sare bishiya ya shimfiɗa siminti, kamar yadda maƙwabtanmu na dama suka yi don su samu wurin gasa nama.

Ranar Asabar na sa wa Ihsan rigar sanyi, muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester ba tare da na gaya wa kowa ba. Daga tasha muka shiga bas, muka wuce Moss Side, ban ko kalli layin su Bara'u ba. Gidan Mama Inga yana wani ɗan layi mai shiru. Da ta buɗe ƙofa, abin da na fara gani shi ne takalman Falalu a jere a kan tabarmar shiga, baki suna sheƙi. Ashe su ma mutanen ƙasarsu ba sa shiga ɗaki da takalmi. Ga mai aikin da ya riƙe shi can a kujera, da kofin shayi a hannu, da hotuna a cinya. Da ya gan ni sai ya miƙe kamar ɗalibin da malami ya kama yana cin gyaɗa a aji.

Na ɗauke kai na wuce shi. A gidan mutane muke, kuma na fi so ya dahu a hankali.

Ita kuwa tsohuwar murna ta yi kamar ta gayyace mu. Ɗakin nata ba masaka tsinke. Hotuna tun daga ƙasa har rufi, ga kyandir a kan taga da rana tsaka, wai haka suke yi duk lokacin sanyi. Na yi addu'a a zuci na zauna a bakin kujera. Ta ja Ihsan jikinta tana nuna mata: ga gidan masu sayar da man shanu a Salford, ga na wasu ma'aikatan jinya biyu a Edgbaston, ga gidanmu na Erdington ta gaba, ta baya, ta ciki. Ga falona da wasu baƙi a zaune a inda nake shimfiɗa sallaya. A wani hoton an kewaye tebur, an kafa 'yar tutar ƙasarsu a tsakiya. Ta ce haka al'adarsu take, duk ranar zagayowar haihuwar wani sai an kafa masa tuta a teburin cin abinci. Kowane hoto ta juya, akwai rubutun mahaifiyarta a baya, sunan kowa da kowa, har na karensu.

Ina ta baza ido ko zan ga takardar dillali a ƙarƙashin wani abu. Ban gani ba, amma hakan bai wanke su ba a wurina.

Sai ta ɗauko wani daga cikin akwatin gwangwani ta ajiye a gabana. Bayan gidana ne, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ga keken jariri a waje, a tsakiyar farin nan. Na tambaye ta ko da mutum a ciki. Ta ce sosai ma. A ƙasarsu a waje jarirai ke barcin rana, a naɗe su da kyau a tura su iska, wai ya fi lafiya. Ni da Inna ta gasa da tafasasshen ruwa safe da yamma, ta hana ni ko leƙa ƙofa don kada sanyi ya shige ni, na ce lallai duniya da faɗi take. Falalu ya yi ƙasa da kai.

Ta ajiye wani hoton a gefensa. Keke ɗaya ne, wuri ɗaya ne, amma a wannan ana ganin fuskar jaririya, a baya kuma an rubuta Inga. Ta ce in dubi bishiyar. A hoton da take ciki, tuffar ta kai kafaɗar mahaifinta. A na farkon kuwa ɗan tsinke ce da ba ta wuce gwiwa ba, an ɗaure ta da sanda. Ta juya bayan na farkon. Fari fat, ko ɗigon tawada babu.

Ta ce ta tashi a kan ita kaɗai iyayenta suka haifa. Sai bayan rasuwar mahaifiyarta ta tsinci hoton a ƙasan akwatin ɗinki. Daga nan ta fara tuna abubuwa. Duk shekara, a tsakiyar sanyi, akwai ranar da mahaifiyarta ke kafa tuta a tebur alhali ba ranar haihuwar kowa ba ce. In ta tambaya, sai a ce mata ta ci abincinta. Mahaifinta kuwa ranar da wuri yake fita, ya kai yamma bai dawo ba. Ta bi ofisoshi har ta gaji, ba ta samu komai ba, waɗanda za su sani kuma duk sun mutu.

"Wataƙila ma ɗan maƙwabta ne," in ji ta. "Ban san ko mace ce ko namiji ba. Suna kawai nake nema, ba wanda zan tambaya."

Na ɗauki hoton mara suna na matso da shi kusa da taga. Mahaifiyarta, matar nan mai rigar girki, tana tsaye a gefen keken, ba ta kallon mai ɗauka. Ta sunkuya kaɗan, hannunta ɗaya a cikin bargo, daidai ƙirji. Wanda bai sani ba zai ce gyara bargo take yi. Ba gyara ba ne. Numfashi take dubawa. Na yi wannan sunkuyon ba adadi, na san yadda kafaɗa take tsayawa kafin ƙirjin ya ɗaga.

"Jaririn nata ne," na ce.

Ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce na dai sani, na mayar mata da hotonta, na ce wa Ihsan ta sa takalmi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma haushin kaina ya kama ni da na bari ya kama ni, domin abin da na zata za a yi mini ke nan. Muna bakin ƙofa na ji ta ce wa Falalu ƙasa-ƙasa, Asabar mai zuwa za ta zo da kayan aiki.

A jirgi ya biyo mu, aikin da ya riƙe shi ya sake shi ke nan. Ya ce reshe kawai take so. Lokacin sanyi ake yanka, akwai wani mai lambu a can da zai yi masa aure da wani dashe kamar yadda ake yi wa mangwaro, sai ya fito irin uwar sak. Na ce a raina, yau reshe, gobe gida. Na tambaye shi me ya kai shi gidanta da ƙaryar aiki. Ya ce taya ta jera hotuna yake yi. Falalu da bai taɓa jera hotunan aurenmu ba. Amma ban hana zuwan ba, domin hanawa sai da dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa.

Asabar ta zo da sanyin da ya daskarar da ciyawa. Mama Inga ta iso da hantsi, da jakarta da jar hularta. Makullin da ya ɓata ya bayyana. Falalu ya raka ta bayan gida, ya ga rassan da take so sun yi sama, ya tafi aron tsani wurin maƙwabta. Ni ina kicin ina suyar fanke, ido ɗaya a kasko, ɗaya a taga.

Ta zagaya bishiyar tana shafa ta. Ta tsaya. Sai na ga ta durƙusa da ƙyar, ta zaro wata 'yar shebur daga jaka, ta sa hannu ta ɗaga bulo ɗaya ta ajiye gefe.

Ban san lokacin da na fita ba. Ba takalmi, ba mayafi, ƙasa kamar an shimfiɗa allurai. Na cafke wuyan hannunta kafin shebur ta taɓa ƙasa. Tunda nake ban taɓa riƙe babba haka ba.

"Kada ki taɓa nan."

Ta ɗago a tsorace. Ta ce ƙasa ce cikin hannu ɗaya take so, ta zuba a kabarin iyayenta a Manchester, ta ɗauka bulon yasassu ne. Ina jin ta, amma hannuna ya ƙi sakinta.

A haka Falalu ya shigo da tsani a kafaɗa. Ya dube ni, ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya jingine tsanin a katanga. Ya zo ya tsuguna, ya ɗauki bulon, ya karkaɗe shi da tafin hannu, ya mayar da shi a tsakiyar 'yan uwansa. Bulon nan yana da ɓantaren gefe, kuma Inna ta ajiye shi ne ɓantaren yana kallon katanga. Sai da Falalu ya juya shi ya kalli katanga sannan ya danna.

Na saki tsohuwa.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ina tagar sama ranar da Inna ta haƙa."

"Duk shekarun nan kana kallona ina ƙirƙiro dalilai? Har mai nama na kawo maka."

"Ke ma ai ba ki taɓa ambatonta ba, Kubura." Bai ɗago ba. "Na ɗauka kin fi ni ƙarfin zuciya ne, kin wuce wurin. Ni in na leƙo tagar nan, abinci ba ya shiga. Shi ya sa nake son mu tafi. Kuma na kasa tafiya hannu biyu."

Sai a lokacin ya faɗi sauran. Ranar da tsohuwar ta fara zuwa, ta nuna masa hoton keken nan a bakin ƙofa, ya kasa mantawa. Ya neme ta a Manchester. Abin da bai iya gaya wa matarsa ba, ya gaya wa baƙuwar da ba ta san kunyarmu ba, cewa mu ma mun yi rashi a gidan. Reshe biyu za a yanka, ɗaya nata, ɗaya nasa, ya dasa a duk gidan da muka samu a can. Ya ce da ya fito ya ce yana so, da na tambaye shi dalili, shi ma kuma ɗan Kano ne, 'yar fari ce a wurinsa, sunan mahaifiyarsa take ɗauke da shi.

Ashe ban yi kuskure ba, haɗin bakin an yi shi. Raina ya ɓaci da shi sosai, kuma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina a lokaci guda, har na rasa wanda zan fara ji da shi. Muna gida ɗaya, gado ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa abu ɗaya, kowa yana ganin ya iya kunya. Na ce masa to ya ji: in reshen ya kama ya yi ganye, zan bi shi. In bai kama ba, ya ci gaba da abota da jirgin ƙasa. Ya ce ya yarda.

Mama Inga tana durƙushe har yanzu, tana murza wuyan hannunta, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Kunya ta rufe ni. Na ɗaga ta, na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da ke ƙarƙashin bulon a taƙaice, da Turancin da ya zo bakina. Ta riƙe hannuna, wanda ya gama murƙushe nata. Na karɓi shebur ɗin na zagaya ɗaya gefen bishiyar, na ɗebar mata ƙasa da kaina na zuba a leda. Falalu ya hau tsani, tana nuna masa, ya yanko rassa biyu masu kaurin fensir. Ta naɗe su a jiƙaƙƙiyar safa. Fankena kuwa ya ƙone ƙurmus, hayaƙin ne ya fito da Ihsan daga gaban talabijin, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonmu.

Kafin ta tafi, tsohuwar ta roƙi ta ɗauke mu a gindin bishiyar, don ta ajiye kusa da na iyayenta. Na je na sako mayafi da takalmi. Muka tsaya, Falalu a dama, Ihsan a gabana, bulo uku a gefen ƙafata. Na'urarta irin mai fitar da hoto nan take ce. Ta kaɗa shi a iska har muka bayyana, ta ciro biro. Ta ce tunda ta tsinci hoton nan mara suna, ba ta ƙara ajiye hoto ba sai ta rubuta sunan duk wanda ke ciki. Ta sa Falalu ya faɗi nasa harafi-harafi. Ta rubuta nawa. Ihsan ta karɓi biron ta rubuta nata da kanta, da manyan baƙaƙe. Tsohuwar ta duba, ta fara rufe biro.

"Saura ɗaya," na ce.

Ta tsaya, biro a hannu. Falalu ya juyo ya dube ni. Na ji kamar Inna tana tsaye a bayana, da surukata, da duk matan da suka yaba haƙurina. Na tuna tutar da ake kafawa a tebur ba a ce ta wane ba, da yarinyar da aka ce ta ci abincinta, ga ta yau da furfura tana bin gidajen mutane. Na dubi ƙeyar Ihsan.

"Hajar."

Ban taɓa jin sa a muryata ba. Na faɗa mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta a ƙarshen layi. Ihsan ta leƙa hoton, ta ƙirga mu da yatsa, ta ɗago ta tambaye ni da Turancinta na 'yan Birmingham, ai wannan sunan Hajiyar Abba ne, me ya sa aka sa ta alhali tana Kano?

"Sunan yayarki ne," na ce mata.

Na durƙusa daidai tsawonta, na sake faɗa a hankali don ta riƙe.